In An Ɗauke Wuta: Me Duhu Ke Yi wa Auren Hausawan Sudan?

Duk wanda ya zauna a Gadarif ko Kasala ko Damazin ya san ihun da unguwa ke ɗauka idan wuta ta dawo. Yara su kaure da "Jat! Jat!", wato "ta zo" da Larabci, fankoki su fara juyi, kowa ya ruga ya soka cajar wayarsa a bango. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne sa'o'in da ke gaban wannan ihun, lokacin da gida ya yi tsit, miji da mata suka rasa abin kallo sai juna. Yayyena da ƙannena mata sun sha faɗa mini cewa in hira ta yi daɗi a gidan biki, matan aure da yawa abu ɗaya suke faɗi: maganganun da suka fi nauyi a aurensu, a cikin duhu aka yi su.

Na yarda akwai gaskiya a wannan magana, amma tana bukatar a warware ta, in ba haka ba za ta zama irin zancen da mai wuta dare da rana ke yi wa wanda ya kwana yana yi wa jariri fifita. Ɗaukewar wuta kwashe abubuwan da suka shiga tsakanin mutum biyu take yi, ta bar su da abin da ke tsakaninsu tun asali. In ƙauna ce aka yi sakaci da ita, sai ta samu fili. In kuwa gaba ce ake rufewa da ƙarar talabijin, ita ma filin take samu.

Sai mu fara da dalilin tafiyar wutar, domin ɗaukewar da da ta yanzu ba ɗaya ba ce. Kashin bayan lantarkin Sudan ruwa ne. Babbar madatsa ita ce ta Marawi a arewa, wadda aka buɗe a 2009 da ƙarfin megawat 1,250. Sai ta Rusairis a gefen Damazin, mai megawat 280, wadda aka gama a 1966 aka ƙara mata tsawo a 2013. Akwai ta Atbara ta Sama da Sitet a wajen Shuwak mai megawat 320, ga kuma tsohuwar madatsar Sinnar ta 1925 da Turawa suka gina don noman auduga a Jazira, wadda 'yan uwanmu na Mai Wurno ke zaune 'yan kilomitoci kudu da ita tun hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903. Sauran wutar daga tashoshin da ke ƙona mai take fitowa, irin su Garri a arewacin Khartum da Ummu Dabakir kusa da Kosti, sai ɗan abin da ake sayowa daga Habasha da Masar.

Shi ruwa yana da lokacinsa. A Afrilu da Mayu da Yuni, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kowa na neman fanka da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a lokacin ne ruwan da aka tara a madatsu ke ja baya. Tashoshin mai kuwa sun shiga uku tun 2011, da Sudan ta Kudu ta ɓalle da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar. Dalar sayen mai ta yi wuya, ta sayen kayan gyara ta fi wuya. Shi ya sa tun kafin yaƙi muka saba da barmaja: kamfanin wuta ya raba unguwanni, waɗannan a ɗauke musu da safe, waɗancan da yamma. Kowa ya san ranarsa. Matar gida ta san lokacin da za ta yi guga, ta kai niƙa, ta jera ruwa a firji.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ya rushe wannan tsarin. A Khartum an tone wayoyin tagulla an kwashe, an farfasa taransifoma. Daga Janairun 2025 jirage marasa matuƙa suka koma dukan tashoshin wuta: Marawi, da tashar Shuwak wadda faɗuwarta ta jefa Gadarif da Kasala da Sinnar cikin duhu, sannan Bur Sudan da Umdurman a watan Mayu. Sojoji sun ɗora alhakin hare-haren a kan RSF. Irin wannan ɗaukewar ba ta da jadawali. Kwanaki take yi, wani lokaci makonni, kuma in za ta tafi da ruwan famfo take tafiya, tunda injinan tura ruwa da wuta suke aiki. Kwalarar da ta tsananta a jihar Khartum bayan harin Mayu tana da alaƙa da haka, don mutane sun koma ɗiban ruwan kogi da na rijiyoyin da ba a tace ba. Duk abin da zan faɗa game da kusanci, a riƙe wannan bambancin a rai: duhun sa'a huɗu da aka san ƙarshensa daban, duhun mako biyu da gurnanin jirgi a sama daban.

To, me ke faruwa a gida in wutar ta tafi? A fara duba daren mai wuta. Maigida ya dawo daga kasuwa ko gona, ya ci tuwo ko kisra, ya yi isha'i, sai ya zarce nadi, wato kulob ɗin unguwa, ko bakin shagon mai talabijin, balle in ƙungiyar ƙwallo ta Hilal ko Marrikh na da wasa. In ma ya zauna a gida, yana kishingiɗe da waya yana bin labarin yaƙi a Facebook. Uwargida tana ɗaki da yara ana kallon musalsal, wato wasan kwaikwayo mai dogon zango, ko tana sauraron saƙonnin murya na zauren dangi a WhatsApp waɗanda ba sa ƙarewa. Ba wanda ya yi wa wani laifi. Kowa ya gaji, kowa na neman abin da zai ɗauke masa hankali. Amma a haka ake shafe mako ba a yi maganar da ta wuce "An kawo gawayi?" da "Kuɗin makarantar yara fa?" ba.

Da wuta ta ɗauke, ɗaki ba ya zaunuwa. Ginin bulo mai rufin kwano ya sha rana tun safe, fanka na tsayawa zai fara amayo zafin. Dole a fito hoshi, wato tsakar gida. A yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta, a jawo angarib biyu ko uku, gadajen nan na katako da saƙar igiya, a jera su inda iska ke bi. Waya kuma ta zama abin tattali, cajin da ya rage na kiran gaggawa ne da tura kuɗi ta manhajar banki ta Bankak, don haka sai a kife ta. Nadin ma duhu ne in ba mai janareta ba, mai kuma ya yi tsada. Ka ga ke nan, ba da niyyar kowa ba, miji yana gida, yana wuri ɗaya da matarsa, kuma hannunsa ba komai.

Kunna kyandir a hoshi ma aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya kare iska da tafin hannu, ɗaya ya ƙyasta ashana. A ɗiga narkakkensa a tsakiyar ɗan faranti, a dasa gindinsa kafin ya daskare, a kifa masa gilashin tsohuwar fitilar ƙwai ko a zura shi cikin kofin shayi don kada iska ta kashe. Haskensa bai wuce taku biyu zuwa uku ba, duk mai son ya ga abin da ke cikin kwanonsa sai ya matso. Ƙwan lantarki yana ba kowa damar zama a kusurwarsa, kyandir ba ya ba da wannan damar. Gaskiya a yau tocilar caji 'yar China ta fi kyandir yawa a gidajenmu, don shi ƙarewa yake yi, kuma a zafin Mayu tun a shago yake lanƙwashewa. Amma in ɗaukewar ta kwana biyu tocila ta mutu, kansa ake komawa.

Inda na fi ganin tasirin duhu shi ne wajen kunya. Auren Bahaushe, a Kano ne ko a Mai Wurno, an gina shi a kan kara da kawaici. Mace ba ta kiran sunan mijinta. Malam ne, ko Maigida, ko Baban wane. Namiji kuma ya tashi da cewa faɗin damuwa rauni ne, nuna so a gaban yara ko gaban mahaifiya rashin ta ido ne. Wannan tarbiyya tana da kyau, ta rufa wa gidaje da yawa asiri, ba ni cikin masu cewa a zubar da ita. Amma tana da tsadarta: akwai maganganun da ba sa yiwuwa ido cikin ido. Magidanci ba zai iya kallon matarsa da rana tsaka ya ce mata jarinsa ya karye ba, balle ya ce tsoro yake ji. Ita ma ba za ta iya ɗaga kai ta ce masa maganar da ƙanwarsa ta yaɓa mata ranar suna har yau tana ci mata rai ba. Sai kowa ya haɗiye nasa, shekara ta bi shekara.

Mutane kan ce kunya a ido take. In fuska ta koma rabi haske rabi inuwa, kowa na kwance a angarib ɗinsa yana kallon sama, harshe yakan saki. Ba sai an gyara fuska ba. In hawaye ya zo ba wanda ya gani, in murya ta yi rawa ana iya gyaran murya a ci gaba. Kuma irin wannan hirar daga nesa take farawa, bayan numfashin yara ya nuna sun yi nisa.

"Malam, ka yi barci?"

"A'a, ina ji."

"Na ga kwana biyu ba ka cin abincin kirki."

Sai shiru, har ta ɗauka ba zai amsa ba. Can ya ce, "Riɗin bana ne. Abin da na ranta na zuba a gonar nan, ko rabinsa ba zai fito ba."

"Ai na sani. Jira nake ka faɗa."

Wannan "ai na sani" ita ce abin lura. Mata sukan san halin da ake ciki tun kafin a buɗe baki. Sun ga cefane ya ragu, sun ga kiran da ake fita waje a amsa. Abin da ke musu ciwo shi ne a mai da su baƙi a gidansu, a bar su da zato. Da ya furta kuwa, sai magana ta koma shawara. Ta ce akwai adashin da za ta ɗauka wata mai zuwa, akwai 'yan kunnen zinare da ba ta sawa. Shi kuma ya ce a bar zinaren tukuna, zai fara ganin mai bashin. Bashin yana nan bai ragu ba, amma yanzu mutum biyu ne ke ɗauke da shi.

Ba mu kaɗai dare ke buɗe wa baki ba. Wata masaniyar al'adun ɗan Adam ta Jami'ar Utah a Amurka, Polly Wiessner, ta kwatanta hirar da mutanen Ju/'hoansi na yankin Kalahari ke yi da rana da wadda suke yi a bakin wuta, ta wallafa a 2014. Da rana mafi yawan zancen na neman abinci ne da ƙorafi a kan juna. Da dare kashi 81 cikin ɗari labarai ne, na aure, na tafiye-tafiye, na mutanen da aka sani. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tunda kakanninmu hana tatsuniya suke yi da rana. A gidajen Hausawan Sudan kuma labarin dare yana da wani nauyi na daban, domin kusan kowane gida da tarihin tafiyarsa: kakan da ya taso a ƙasa daga Katsina ko Haɗeja ko Damagaram da niyyar Makka, ya tsaya tsinkar auduga a Jazira don ya tara guzuri, shekara ɗaya ta zama goma, ya yi aure ya hayayyafa. Akwai matan da suka daɗe a gidan miji ba su san ta wace hanya kakansa ya shigo ƙasar ba, sai a daren da ba wuta yara suka matsa wa babansu ya ba su labari, ita tana gefe tana ji. Daga ranar ba mai kawo cefane kaɗai take gani ba, tana ganin yaron da ya tashi a gindin wani tsoho mai allo da gafaka, ta gane inda wasu halayensa suka samo tushe.

Jiki ma yana da nasa rabon. In duhu ya shiga, ƙwaƙwalwa kan saki sinadarin melatonin mai shirya mutum ga barci, farin haske mai ƙarfi kuma, irin na dogon ƙwan lantarki da fuskar waya, jinkirta shi yake yi. Hasken kyandir ja-ja ne mai rauni, bai cika taɓa wannan tsarin ba. A 2013 Kenneth Wright da abokan aikinsa na Jami'ar Kolorado sun kai mutum takwas daji suka yi mako guda ba fitilar lantarki, sai rana da wutar itace. Da suka dawo, jikinsu ya koma shirin barci da wuri da kimanin sa'a biyu. Amfanin wannan ga aure a fili yake. Mutum biyun da a da ɗaya ke kwanciya ƙarfe goma ɗaya sai ƙarfe ɗayan dare, yanzu tare barci ke ɗaukar su, tare suke tashi asuba.

A Sahihul Bukhari, Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin yadda take kwance a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana sallar dare, ƙafafunta ta wajen alƙiblarsa. In zai yi sujada ya taɓa ta ta naɗe su, in ya miƙe ta sake miƙe su. Ta ƙara da cewa a wancan zamani babu fitilu a gidaje. Ibn Abbas kuma ya ruwaito daren da ya kwana a ɗakin Nana Maimuna, 'yar uwar mahaifiyarsa, ya ce Annabi ya yi hira da iyalinsa na ɗan lokaci sannan ya kwanta. Hirar dare da iyali tana da asali a addini. Ba ƙin ta muka yi ba, an dai samu abin da ya cinye lokacinta.

Ga kuma wani abu da ya keɓanta da wannan ƙasa. Gyaran aure na matan Sudan, wanda matanmu suka koya har suka fi masu shi, ba ruwansa da lantarki. Dukhan, wato turara jiki da hayaƙi, rami ne da itacen ɗalih da bargo. Dilka da humra da hannu ake haɗa su. Turaren wuta garwashi yake so. Jabana kuwa, gahawar Sudan, ba ta son gaggawa: a soya 'ya'yan gahawa a kan garwashi ana kaɗawa har su yi baƙi su fara maiƙo, a miƙo maka ka shaƙi hayaƙin, a daka a ƙaramin turmi da citta, a tafasa, a juye a 'yar tulun yumɓu mai dogon wuya, sannan a fara zubawa a finjali ɗaya bayan ɗaya. Mijin da ke da wasan ƙwallo a gabansa tsaye yake kurɓar finjali ɗaya ya fice. Wanda ba inda za shi, shi ke zama har zagaye na uku, kuma a zagaye na uku ake maganar auren 'yar fari da gyaran katangar da damina ta ci.

Daga nan ne mutane kan yi tsalle su ce ai shi ya sa haihuwa ke yawa bayan an ɗauke wuta. Zancen ya yi suna ne daga birnin Niyok na Amurka, inda wuta ta ɗauke dare guda a Nuwambar 1965, bayan wata tara jaridu suka ce ɗakunan haihuwa sun cika. Da wani masani, Richard Udry, ya bi alƙaluman ya wallafa a 1970, bai ga wani ƙari ba. Amma a Zanzibar, inda layin da ke kawo wuta ta ƙarƙashin teku ya lalace a 2008 aka yi kusan wata guda a duhu, Alfredo Burlando na Jami'ar Oregon ya gano haihuwa ta ƙaru bayan watanni. Shi dai wannan masanin ya kuma gano cewa jariran da ke farkon ciki a lokacin sun zo da ƙarancin nauyi, domin iyayen da sana'arsu ta dogara da wuta sun rasa kuɗin shiga. Wannan rabi na biyu shi ne ba a so a ji.

A kan wa nauyin ɗaukewar wuta ke sauka? A kan mace. Firji ya mutu, miyar da ta dafa don kwana biyu ta yi tsami, girki ya koma sau uku a rana a kan gawayi. Injin niƙa ya tsaya, dawa sai turmi. Famfo ya ƙafe, sai zaman jiran mai karo, mai amalanken jaki da ganga, wanda farashinsa ke hawa duk ranar da wuta ba ta dawo ba. Yaro ya feso da ƙurajen zafi yana kuka, sauro ya samu gari tunda ba fanka, ita ce da mafici har asuba. In mai sayar da ƙanƙara ce ko dandurma, wato askirim, jarinta ya narke a gaban idonta. Matar da ta wuni a haka, in maigida ya zo da dare yana neman hira a hasken kyandir, ƙarin aiki za ta gani, kuma ba ta yi laifi ba.

A nan asalin maganar take, kuma mu maza ya kamata mu buɗe kunne. Gidajen da na ga duhu ya ƙara musu danƙo su ne waɗanda miji ya karɓi maficin ya ce, "Kwanta ki huta, ni zan yi masa." Ya ɗauki jarka ya bi layin ruwa. Ya tattara wayoyin gidan ya kai wurin mai sola. Akwai wani dattijo mai agashe, wato tsire, a unguwarmu da ba a taɓa ganin ya ɗauki ko tsintsiya ba. Da ruwa ya yanke, sai aka fara ganin sa daga masallacin asuba ya wuce bakin rijiya da jarka biyu, ya cika randa kafin matarsa ta gama lazimi. Abokan zamansa suka yi ta yi masa ba'a, har da mai ce masa mijin-ta-ce. Bai tanka ba, bai kuma fasa ba. Matar ce daga baya ta faɗa wa mata cewa tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin ana tausayinta irin na wannan bazarar ba.

Mazan ma ba a daɗi suke ba. Tela, mai walda, mai aski, mai injin niƙa, duk ranar da ba wuta ranar ba ciniki, kuma mutumin da ya dawo aljihu wayam cikin zafin nan zuciyarsa a kusa take. Rashi da zafi da rashin barci in suka haɗu, maganar da ba ta kai ta kawo ba sai ta zama faɗa. Akwai kuma gidajen da dole a faɗi gaskiyarsu: matar da ke tsoron hannun mijinta, hayaniyar talabijin da idon yara garkuwa ne a wurinta. Hausawa da suka ce dare mahutar bawa, su ne suka ce dare rigar mugu. Maƙwabcin da ya ji kuka ta katanga a irin wannan daren, kada ya ce ba ruwansa.

Sannan yaƙi ya zo da abin da ya fi duhu raba ma'aurata, wato cunkoso. Sama da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu. Da birnin Madani ya faɗa hannun RSF a Disambar 2023, Sinja ta biyo baya a tsakiyar 2024, jama'a suka kwararo Gadarif da Kasala. Kafin nan ma rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022 ya riga ya tarwatsa Hausawa da yawa daga Rusairis da kewayen Damazin. Gidan mutum shida ya koma na mutum ashirin. Maza su kwana a zaure, mata da yara a ciki, ga surukai a tsakani. Miji da mata su yi watanni ba su da ɗakin kansu, ko gaisuwa mai tsawo kunya ba ta bari. A irin waɗannan gidaje duhu ne kaɗai sirrin da ya rage: 'yar tsayuwa a gefen randa da sunan shan ruwa, magana ƙasa-ƙasa a bayan rumfa, "Kin ci abinci kuwa?", "Ƙafar taka ta yi sauƙi?" Kaɗan ne, amma da shi aure da yawa suka rayu.

Waɗanda na fi tausaya wa su ne waɗanda wuta ce igiyar da ke riƙe da su. Miji yana haƙar zinare a wajen Abu Hamad, ko yana aiki a Jidda ko Makka, mata tana Gadarif da yara. Aurensu a cikin waya yake zaune. In caji ya ƙare, ba murya, ba kuɗin cefane, sai zato: na kira ba ki ɗauka ba, na aiko ba ka amsa ba. A Fabrairun 2024 da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, mutane sun yi makonni ba su san ko nasu na raye ba. A wurare da yawa sai dai a je shagon mai Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan Adam, a biya kuɗin sa'a, mace ta yi magana da mijinta a gaban layin mutane kowa na jin ta. Wanda zai ce wa wannan matar ɗaukewar wuta na ƙara soyayya bai yi mata adalci ba.

A gidan mace fiye da ɗaya kuma, fitilar caji guda ɗaya ta isa ta tada ƙurar da za a yi wata ba ta kwanta ba. Mai hankali in zai sayo kyandir ko tocila, adadin ɗakuna yake sayowa.

Shi kansa kyandirin ba abin wasa ba ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi ya hana a bar wuta a gida lokacin barci, kuma da wani gida ya ƙone a Madina da dare ya ce wutar nan maƙiyiyarku ce, in za ku kwanta ku kashe ta. A Gadarif, inda ɗakunan ciyawa suke manne da juna kuma iska ke tashi ba sallama, ɗaki ɗaya in ya kama sai layin ya bi. Gidan sauro na roba nan take yake ci, ga kuma jarkokin fetur da ƙarancin mai ya sa mutane ke ɓoyewa a ƙarƙashin gado. A ajiye kyandir a ƙasa cikin faranti mai yashi ko ɗan ruwa, nesa da labule da mayafi, kuma wanda ya riga ya ji barci ya tabbatar an hure shi. Mai janareta kada ya kunna shi a ɗaki ko a rufaffen lungu don tsoron ɓarawo. Hayaƙinsa yana ɗauke da gubar da ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci.

Yanzu faifan sola sai ƙaruwa yake a kan rufin gidaje da shaguna, musamman wurin waɗanda ke da ɗan uwa a Saudiyya ko sauran ƙasashen Larabawa. Alheri ne, ina roƙon Allah ya hore wa kowane gida, domin fanka a kan jariri da ruwan sanyi ga mai azumi ba abin rainawa ba ne. Na dai lura gidan da sola ta shiga ba ya jimawa angarib ke komawa ciki, kowa ya koma kan wayarsa. Wasu 'yan gidaje sun yi wa kansu doka: bayan isha'i wayoyi su zauna a caji a ɗaki, shayi a hoshi za a sha. Sauran kuwa batirin ne ke tilasta musu zama shawara, tunda ƙaramar sola ba ta iya ɗaukar firji da talabijin da fanka biyu har asuba. Sai an zauna an zaɓi abin da za a kashe, kuma a gidajen da na sani talabijin ce ke fara tafiya, fankar ɗakin yara ce ke kwana tana juyi.